Na samu allon zane na kwamfuta, amma hannuna ya ƙi bin idona

Bazazzage ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar zane da masu sha'awarta. Ni malamin firamare ne a Zariya, kuma tun ina ƙaramin yaro nake zane da fensir da biro, har ta kai yanzu ni ake nema idan za a zana hotunan da ake liƙawa a bangon aji, irin su sassan jikin ɗan Adam da dabbobin gida. Na daɗe ina rubuta wani ɗan littafin koyon karatu na Hausa domin 'yan aji ɗaya da aji biyu, kuma burina shi ne in zana hotunansa da kaina. Da yayana ya ji wannan buri sai ya aiko mini da allon zane ƙirar Huion H640P, irin wanda ba shi da fuska, wato mutum yana zane a kansa amma hoton yana fitowa a fuskar kwamfuta.

Yau kwana tara ke nan ina fama da shi, kuma gaskiya gwiwata ta fara yin sanyi. Na sa manhajar zane ta Krita a tsohuwar kwamfutata ƙirar HP mai Windows 10 da RAM 4GB (RAM ita ce ma'ajiyar da kwamfuta take riƙe aikin da take kan yi), na jona allon, kibiyar tana motsi, amma abin da yake fitowa bai yi kama da zanena ba ko kaɗan. Layin da nake ja a takarda ba tare da tunani ba, a nan sai ya fito yana karkarwa kamar na wanda zazzaɓi ya kama. Idan na zana da'ira sai ta fito kamar ƙwai a kwance. Sannan an ce kaurin layi yana bin nauyin hannu, amma ni ko na danna da ƙarfi ko na sassauta, kaurin ɗaya ne. Jiya na yi kusan awa biyu a kan kan akuya guda ɗaya, daga baya na ɗauki biro na zana shi a bayan takardar jarrabawa cikin minti uku.

Tambayata ita ce, shin allon ne yake da matsala, ko kuwa ni ne ban iya ba? Wani abokina ya ba ni shawarar in sayar da shi in yi ta tari har in sayi mai fuska, wanda ake zane kai tsaye a kan hoton. Kafin in yi abin da zai sosa ran yayana, na ga ya dace in ji ta bakin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Dattijon Zayyana ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar da allon nan. Daga bayanin da ka yi, biyu daga cikin matsalolinka uku na saiti ne, kuma za ka iya gyara su kafin shayinka ya huce, ta ukun ce kawai take buƙatar kwanaki. Ni na shekara fiye da ashirin ina rubuta allunan shaguna da buroshi da fenti a Kano kafin in koma kwamfuta, kuma ranar da na fara riƙe irin wannan alƙalami ko sunana ban iya rubutawa a miƙe ba.

Bari in fara da ƙwan, domin lissafinsa a fili yake. Wurin da ake zane a allonka faɗinsa milimita 160 ne, tsayinsa kuma 100, wato ma'aunin 16 da 10. Yawancin kwamfutocin cinya irin taka fuskarsu ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsayi ce, wato 16 da 9. Idan aka shimfiɗa dukan allon a kan dukan fuskar, dole a ja shi ta gefe, saboda haka duk abin da ka zana yana ƙara faɗi da kusan kashi 11 cikin ɗari. Idonka yana ganin kuskuren, hannunka yana ƙoƙarin gyarawa, kai kuma kana zargin kanka a banza. Ka buɗe manhajar allon, ka shiga sashen da ake saita wurin aiki, ka danna inda aka rubuta Screen Ratio. Za a yanke ɗan siririn yanki na allon a daina amfani da shi, amma da'ira za ta koma da'ira. Masu allon Wacom suna samun wannan saiti da sunan Force Proportions.

Sai dai ina zargin ma ba ka sa manhajar allon ba, wadda ake kira direba, tunda ba ka ambace ta ba. Windows tana iya motsa kibiya da allon ko babu direba, shi ya sa mutane da yawa suke zaton komai ya kammala da zarar sun jona waya. Ka sauko da ita daga shafin kamfanin kansa, ka tabbata ta ƙirar allonka ce, kuma idan akwai direbar wani allo daban a kwamfutar ka cire ta tukuna, domin ba sa zama lafiya wuri ɗaya. Bayan ka sake kunna kwamfutar, a cikin direbar akwai wurin gwada nauyin hannu. Idan ya yi aiki a can amma ya ƙi a Krita, to ka shiga Settings, sannan Configure Krita, sannan Tablet Settings. Za ka tarar da hanyoyi biyu da manhajar take sauraron alƙalami, WinTab da kuma ta Windows Ink. Ka sauya daga wadda take kai zuwa ɗayar, ka rufe Krita ka sake buɗewa, kuma idan ta Windows Ink ka zaɓa ka tabbata an kunna ta a direbar ita ma. Ka yi gwajin da buroshin da ake kira Basic-5 Size, domin ba kowane buroshi ne kaurinsa yake bin nauyin hannu ba.

Yanzu sai babbar magana, wato hannu da ido. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne allon ba ya aiki kamar linzamin kwamfuta, wato mouse. Kowane wuri a kansa yana da takwaransa a fuska: kusurwar hagu ta sama ita ce kusurwar hagu ta sama, kullum. Kuma ba sai ka taɓa allon ba kibiya take motsi, domin a ƙarƙashin fatarsa akwai saƙar wayoyi masu fitar da maganaɗisu, alƙalamin yana karɓar ƙarfi daga gare su yana mayar musu da sigina, shi ya sa ba shi da batir, kuma allon yana jin sa tun yana sama da kusan santimita ɗaya. Ka saba da shawagi da alƙalamin a sama kana kallon inda kibiyar take, sai ka sauke shi a daidai inda kake so layin ya fara. Ka ajiye allon a gabanka sosai, daidai da fuskar kwamfutar, kada ka karkata shi kamar yadda muke karkata littafi idan za mu yi rubutu, domin idan ya karkace to layin da hannunka ya ja a miƙe zai fito a karkace.

Ga abin da ya yi mini magani. Na ɓoye linzamin kwamfutar a aljihun tebur na mako biyu, komai da alƙalami nake yi, har buɗe fayil da rufe shi. Kowace safiya kafin in taɓa aikin kowa, sai in ɗiga ɗigo biyu nesa da juna in haɗa su da layi ɗaya, in cika shafi guda da haka, sannan in cika wani da da'irori manya da ƙanana. Layin yana karkarwa ne saboda kana ja a hankali da 'yan yatsu kana tsoron kuskure. Ka ja shi da sauri daga gwiwar hannu, idan bai yi ba ka danna Ctrl da Z, masu soke layin da ka ja na ƙarshe, ka sake. Ni ɗaya daga cikin maɓallan allona wannan aikin kawai na ba shi, har rubutun kansa ya goge. A Krita kuma, cikin Tool Options, akwai Brush Smoothing, mai rage karkarwar layi. Ka sa shi a Weighted ko Stabilizer lokacin da kake fitar da layin ƙarshe, amma kada ka cika shi da yawa, domin layin zai riƙa biyo alƙalamin a baya kamar akuyar da ake ja da igiya, kuma hannunka ba zai koyi komai ba.

Maman Hanifa ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da Baba Dattijo ya faɗa game da saiti babu abin da zan ƙara, amma ina da wata hanya da nake ganin ta fi dacewa da mai littafi a hannu, wanda ba zai so ya zauna wata guda yana ja wa ɗigo layi ba. Tunda hannunka ya riga ya faɗa a takarda, kada ka rabu da takardar. Ka zana akuyarka da fensir kamar yadda ka saba, ka ɗauki hotonta da waya a wuri mai haske, wayar tana daidai saman takardar ba a karkace ba, ka tura kwamfuta ka buɗe a Krita. Sai ka rage duhun wannan hoton zuwa kamar kashi 30 cikin ɗari, ka buɗe sabon falle a samansa, ka bi layukan da alƙalami. Bin layin da yake a gabanka ya fi ƙirƙiro sabo sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kana cikin yin aikinka na gaske hannun yake sabawa ba tare da ka lura ba.

Wannan maganar falle, wanda masu harkar suke kira leya, ita ce abin da ya fi komai amfani a zanen kwamfuta, kuma na ga masu farawa da yawa suna tara komai a falle ɗaya kamar a takarda. Ka ɗauke su tamkar ledoji masu haske da aka jera ɗaya bisa ɗaya: zanen fensir a ƙasa, launi a tsakiya, baƙin layi a sama. Idan launin rigar yaro bai yi maka ba, sai ka sauya shi ba tare da ka taɓa layin ba. Ni zanen adon wuyan riga da na zannuwan gado nake yi wa masu ɗinki a nan Katsina, kuma abin da ya sa na kamu da son Krita shi ne madubin da take da shi a saman shafi, wanda idan ka kunna, duk abin da ka zana a dama sai ya fito a hagu. Dagin da a da nake naɗe takarda biyu ina bi ta jikin taga kafin ɓangarorinsa su daidaita, yanzu sau ɗaya nake zana rabinsa. Akwai kuma Multibrush, mai maimaita layi sau shida ko takwas a kewaye da tsakiya, wanda ya dace da zanen fure da na faifai.

Wani abu kuma, allon yana da santsi idan aka gwada shi da takarda, kuma wannan yana cikin abin da yake sa layi ya kufce. Da na fara, farar takarda nake liƙawa a kansa da salatif, alƙalamin yana aiki ta cikinta lafiya lau, sai dai tana cin bakin alƙalamin da wuri. Ka duba cikin kwalin, akwai bakunan canji da ɗan ƙarfen cire su, ka adana su da kyau, kuma da zarar bakin ya feƙe gefe ɗaya ka sauya shi kafin ya karce allon. Lokacin hunturu ka riƙa goge ƙura kafin ka fara, domin ita ma tana karcewa. Da bazara kuma gumi yana sa gefen hannu ya riƙa mannewa. Ana sayar da safar hannu mai rufe yatsu biyu domin haka, amma ni tsohuwar safar ƙafa ta yara na huda, kuma tana yi mini aiki har yau.

Ɗan Barnawa ya amsa:

Ina neman afuwar manya, amma ina ganin ba a yi wa shawarar abokin Malam adalci ba. Ni na yi wata huɗu da allo marar fuska, na yi duk atisayen da ake faɗa, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba sai da na koma XP-Pen Artist 12, inda bakin alƙalami yake sauka a kan layin da nake gani. Mutane sun bambanta, kuma akwai wanda rabuwar ido da hannu ba ta taɓa zame masa jiki. Abin da zan yarda da shi shi ne kwana tara sun yi kaɗan a yanke hukunci, musamman idan direba ma ba a sa ba. Kuma in faɗi gaskiya, mai fuska yana da nasa wahalhalun. Yana buƙatar kwamfuta mai ramin HDMI ko USB-C mai fitar da hoto, yana shan batirin kwamfuta sosai idan an ɗauke wuta, hannunka yana rufe maka abin da kake zanawa, kuma wuyana yana gaya mini duk ranar da na daɗe a sunkuye. Kuɗinsa ma ya ninka na ƙaramin allo sau da yawa, kuma yana hawa da sauka tare da dala. Shawarata ita ce Malam ya ba wannan allo wata biyu cur, idan bayan haka abin ya ƙi, to ya san ba gaggawa ya yi ba, kuma kafin ya saya ya nemi mai irinsa ya gwada na awa ɗaya.

Dattijon Zayyana ya sake amsawa:

Maganarka gaskiya ce, ɗana, kuma wata biyun da ka yanka na amince da su. Abin da ya sa na matsa shi ne batun wuta da ka ambata da kanka. Ƙaramin allo ɗan abin da yake ja ta wayar USB bai taka kara ya karya ba, kuma allon Malam yana aiki da wayar Android ta hanyar ɗan mahaɗin OTG, saboda haka ko kwamfuta ta mutu yana iya ci gaba da atisaye a manhajar zane ta waya ibisPaint, ko da yake ba kowace waya ce take nuna kibiyar ba.

Mai Injin Bugu ya amsa:

Malam, ni ba mai zane ba ne, aikin ɗab'i nake yi, kuma na sa baki ne saboda ka ce littafi za ka buga. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan sana'a shi ne mutum ya kawo zane mai kyau wanda ya ɓata makonni a kansa, in buɗe in tarar faɗinsa bai wuce ɗigo 800 ba. A fuskar waya yana da kyau, amma a takarda sai ya fito dishi-dishi, gefen layukan kamar haƙoran zarto, kuma babu dabarar da za ta dawo da abin da ba a zana ba tun farko. Tun ranar da za ka buɗe sabon shafi ka sa girman takardar da za a buga da kuma 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 a wannan ma'auni ɗigo 2480 ne da 3508, A5 kuma 1748 da 2480. Idan hoton zai cika shafi har baki, ka ƙara milimita 3 a kowane gefe domin abin da wuƙar yanka za ta ci, kuma kada ka sa fuskar mutum ko rubutu dab da bakin.

Sai dai ka yi la'akari da ƙarfin kwamfutarka. Falle ɗaya na A4 da aka cika da launi yana cin kusan 35MB, saboda haka ashirin sun kai 700MB, ban da abin da Windows da Krita suke ci, da kuma tarihin da manhajar take riƙewa domin ka iya komawa baya. Da RAM 4GB, gara ka yi aiki a A5 idan littafin ƙarami ne, ka rufe burauza lokacin zane, kuma ka haɗe fallayen da ka gama da su.

Game da launi, fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injinmu kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, abin da ake kira CMYK. Kore mai ƙyalli da shuɗi mai haske da kake gani a fuska ba za su fito haka a takarda ba, za su ɗan dushe. Kafin ka zana shafi talatin, ka gama guda ɗaya ka kai a buga maka gwaji a irin takardar da za a yi littafin da ita. Ka riƙa ajiye ainihin aikin a fayil ɗin Krita mai fallayensa, ka fitar da PNG ko TIFF domin mai bugu. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka tura shi a matsayin Document, domin idan ka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi ta rage girmansa. Kuma tunda littafin Hausa ne, ka gwada salon harafin da za ka yi amfani da shi ka ga yana da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana. Andika, wanda aka tsara musamman domin masu koyon karatu, yana da su duka, kuma kyauta ne.

Bazazzage ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru kwana goma sha biyu ne domin ina so in dawo da labari, ba da godiya kawai ba. Baba Dattijo, zarginka ya tabbata, ban sa direba ba sam, ban ma san da ita ba, domin takardar da ta zo a kwalin ban buɗe ta ba. Da na sa ta nauyin hannu ya yi aiki a wurin gwaji amma ya ƙi a Krita, sai da na koma Windows Ink na sake buɗe manhajar, sannan na ga layi ya fara siriri ya yi kauri a tsakiya ya ƙare siriri kamar wutsiyar ɓera. Na daɗe ina ja ina gogewa don daɗi kawai. Ƙwan ma ya koma da'ira, ko da yake har yanzu bakinta ba ya haɗuwa sai na yi sau uku ko huɗu.

Hajiya Maman Hanifa, hanyarki na bi a kan akuyar. Na zana ta da fensir, na ɗauki hoto a bakin taga da hantsi, na bi layin a sabon falle, kuma wannan karon minti arba'in ta ɗauke ni har da launi. Na gano da kaina cewa a Krita maɓallan kwamfuta na 4 da 6 suna juya shafin hagu da dama, 5 kuma yana mayar da shi daidai, wanda ya sauƙaƙa mini lanƙwasar ƙaho ƙwarai, tunda allon ba a karkata shi. Da na danna M hoton ya juya kamar a madubi, sai na ga ashe idon hagu ya fi na dama sauka, abin da ban lura da shi ba ko a takardar. Linzamin kwamfutar kuwa na ba maiɗakina ajiya, kuma ta ƙi ba ni ko da na roƙa a rana ta uku.

Na sauya girman shafin zuwa A5 kamar yadda Mai Injin Bugu ya ce, kwamfutar ta daina tsayawa. Saura abu ɗaya da ya gagare ni. Idan na zuba launi da bokitin cikawa a fallen da yake ƙarƙashin layi, ana barin wani siririn farin zobe tsakanin launin da baƙin layin, musamman a kunnuwa da ƙafafu, kuma bin sa da buroshi yana cin lokaci fiye da zanen kansa. Na ga wani wuri a Tool Options da aka rubuta Grow, na sa shi a 1 ban ga bambanci sosai ba. A shafin A5 mai 300 dpi, nawa kuke sa shi, kuma ko akwai wani saitin da ya kamata in taɓa tare da shi?